Daga Waukegan Zuwa Tomahawk: Bin Sawun Tsofaffin Injinan Jirgin Ruwa

Hanyar da ta tashi daga Chicago ta miƙe arewa, tana bin gaɓar yammacin Tafkin Michigan, ba ta da tsauni ko kwazazzabon da zai sa direba ya tsaya ɗaukar hoto. Garuruwan masana'antu ne a jere, sai gonakin masara da garken shanun madara idan an nausa cikin jihar Wisconsin. Amma duk wanda ya taɓa shiga jirgin fito mai inji a bayansa, a Yawuri ne ko a Baga ko a Lakwaja, yana da rabo a tarihin wannan hanya. A cikin tazarar kilomita kusan 200, tsakanin Waukegan da Fond du Lac, kamfanoni uku suka kafa gida, Johnson da Evinrude da Mercury, kuma su ne suka mayar da injin da ake ratayawa a bayan jirgin ruwa kayan kowa da kowa.

Matafiyin wannan labari ɗan ƙasar Yawuri ne da karatu ya kai Amurka. Ya san ƙarar injin jirgi tun yana yaro, amma bai taɓa kwance ko noti ɗaya a jikinsa ba. Ya kama hanyar ne a ƙarshen watan Yuli, lokacin da masu tara tsofaffin injinan jirgi ke haɗuwa a wani ƙaramin gari mai suna Tomahawk, sama da kilomita 500 daga Chicago. Niyyarsa ya sayi injinsa na farko, ya koyi tayar da shi da hannunsa.

Zangon farko Waukegan ne, a jihar Illinois. 'Yan'uwan gidan Johnson ba 'yan nan ba ne, daga Terre Haute ta jihar Indiana suka fito, inda wata guguwa ta rushe musu wurin aiki a 1913. Suka koma South Bend, kuma a can suka fitar da injin da ya yi musu suna a 1922: silinda biyu, ƙarfin doki 2, nauyi kilo 16 kacal, domin mafi yawan jikinsa alminiyam ne. Mutum ɗaya na iya ɗaukarsa da hannu guda ya gangara bakin ruwa. Kasuwa ta buɗe, suka gina babbar masana'anta a bakin tashar jiragen Waukegan a ƙarshen shekarun 1920, kuma a 1952 suka ƙera inji na miliyan ɗaya.

Wanda ya tsaya a bakin tashar yau zai ga jiragen shaƙatawa a ɗaure da filaye da ciyawa ta rufe. Kamfanin OMC, wanda ya haɗa Johnson da Evinrude a inuwa ɗaya tun tsakiyar shekarun 1930, ya durƙushe a watan Disamban 2000, dubban ma'aikata suka wayi gari babu aiki. Ya kuma bar wa garin wani gado mai nauyi. Man da injinan narkar da ƙarfe ke amfani da shi yana ɗauke da sinadarin PCB mai guba, shekara da shekaru yana tsiyaya cikin ruwan tashar, har gwamnatin tarayya ta sa wurin cikin jerin gurɓatattun wuraren da sai an kwashe lakarsu. Mai son waɗannan injina bai kamata ya tsallake wannan shafi ba, domin masuntan Waukegan sun daɗe ana gargaɗinsu kan cin kifin tasharsu.

Kaɗan gaba, bayan an shiga Wisconsin, akwai Sturtevant, inda kamfanin BRP na ƙasar Kanada ya ci gaba da ƙera Evinrude har zuwa watan Mayun 2020, lokacin da ya sanar da dainawa. Daga ranar duk wani Evinrude da ke duniya ya shiga sahun kayan da ba za a ƙara yin irinsu ba.

Milwaukee ce mahaifar sunan. An haifi Ole Evinrude a Norway a 1877, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Wisconsin yana ɗan shekara biyar. Labarin da kamfanin ya daɗe yana bayarwa shi ne, wata rana ta zafi a Tafkin Okauchee, yamma da birnin, ya tuƙa kwale-kwale da filafili ya sayo wa budurwarsa Bess Cary askirim, kafin ya dawo ya narke, sai ya ƙudura zai yi wa kwale-kwale inji. Ba shi ne na farko ba. Bafaranshe Gustave Trouvé ya gwada na lantarki a Kogin Seine tun 1881, Cameron Waterman kuma ya riga shi sayar da na fetur a Detroit. Abin da Evinrude ya yi a 1909 shi ne ya zaunar da siffar da har gobe ake bi: kan inji a sama, sanda a tsaye tana gangarawa cikin ruwa, giya a ƙasa tana juya farfela. Injin yana da ƙarfin doki ɗaya da rabi, nauyinsa kilo 28, kuɗinsa dala 62. Bess, wadda ta zama matarsa, ita ta riƙe ofis da talla. Da rashin lafiya ya kama ta, Ole ya sayar da kasonsa ga abokin kasuwancinsa da alkawarin ba zai taɓa sana'ar ba na shekara biyar. Wa'adin na cika ya dawo da wani inji mai silinda biyu, mara nauyi, ya sa masa suna ELTO, ya shiga gasa da kamfanin da ke ɗauke da sunansa.

Labarin da ya fi taɓa zuciyar ɗan koyo yana Cedarburg, wani ƙaramin gari mai gine-ginen dutse arewa da Milwaukee. A 1939 wani injiniya, Carl Kiekhaefer, ya sayi wata matacciyar masana'anta a can da nufin ƙera na'urar maganaɗisu ga masu kiwon shanu. A cikin kayan da ya gada akwai injinan jirgi kimanin 300 da babban kantin Montgomery Ward ya mayar saboda ba sa aiki yadda ya kamata. Maimakon ya sayar da su a matsayin ƙarfen banza, sai shi da 'yan ma'aikatansa suka kwance su, suka gyara, kantin ya karɓa har ya nemi ƙari. Kamfanin Mercury, wanda hedkwatarsa ke Fond du Lac a ƙarshen kudancin Tafkin Winnebago, da gyaran injinan da aka ƙi ya fara, kuma shi kaɗai ya rage a raye cikin ukun.

Daga Fond du Lac sai tafiya ta miƙe. Gonaki suna ja baya, bayan Wausau dajin itatuwan fir da fain ya rufe hanya mai lamba 51 dama da hagu, ruwa yana ƙyalli ta tsakanin itatuwa. Wisconsin tana da tafkuna kimanin 15,000, kuma a nan amsar wata tambaya take, wadda ta dami matafiyin tun daga Waukegan: yaya injin da ya haura shekara sittin zai kai yau da ransa? Ruwan yankin ba na gishiri ba ne, saboda haka ba ya cin alminiyam. Tafkunan arewa suna daskarewa daga wajen Disamba har Afrilu. Ma'aikacin masana'anta na shekarun 1950 yakan sayi inji, ya yi kamun kifi da shi 'yan makonnin hutun bazara, ya rataye shi a gareji har baɗi. Da ya tsufa ko ya rasu, injin ya ci gaba da zama a rataye. Yawancinsu ajiya ce ta kwantar da su, ƙarfensu bai ci rabin ƙarfinsa ba.

Tomahawk gari ne na mutum dubu uku da 'yan kai, a inda koguna uku, Wisconsin da Tomahawk da Somo, suka haɗu suka yi Tafkin Mohawksin. Garin ya san jirgin ruwa: akwai kamfanin ƙera jirage a nan wanda Harley-Davidson ya sayi mafi yawan hannun jarinsa a 1962 don ya samu gwanintar aikin roba mai ƙarfi, kuma har yanzu yana yin kayan babur a garin. Taron masu tsofaffin injina yana ci ne a filin SARA Park, a bakin ruwa, ƙarƙashin ƙungiyar Antique Outboard Motor Club, wadda aka kafa a 1965 kuma take da rassa a faɗin Amurka da Kanada.

Hanci ne ke fara sanar da baƙo ya iso. Warin fetur da baƙin mai da suka ƙone tare yana tashi daga bakin ruwa cikin shuɗin hayaƙi. Motocin a-kori-kura sun yi layi, bayan kowace an kafa katako an jera injina: koren Johnson, shuɗin Evinrude, Mercury masu dogon kai. A ƙasa kuma akwatuna ne cike da farfela, kafireta, tankunan mai da littattafan gyara da maiƙo ya rina. Yawancin masu kayan dattawa ne, wasu da jikokinsu, kuma cinikin bai kai hirar yawa ba. Mutum zai tambayi kuɗin inji, a ba shi tarihin wanda ya fara sayensa.

A nan matafiyin ya ga sunayen da bai taɓa ji ba. Martin, wanda wani kamfanin tukwanen girki na Eau Claire ya ƙera bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Scott-Atwater na Minneapolis, wanda wasu samfuransa ke da famfon kwashe ruwan da ya shiga cikin jirgi. Neptune ɗan mitsitsi, da bai kai kilo 8 ba. Sai waɗanda manyan kantuna ke sa wa sunansu alhali wasu ne suka ƙera: Elgin na kantin Sears, Sea King na Montgomery Ward, Wizard na Western Auto. A gefe guda akwai kakannin duka, injinan kafin 1920, masu ƙafar tagulla, babu murfi, babu igiya. Wani ɗan mariƙi ne a kan faifan ƙarfen da ke saman inji, shi ake kamawa a murza, kuma idan injin ya yi tutsu ya juyo baya, yatsu ne ke biyan kuɗin.

Ido yakan tafi kan irin waɗannan, da kan Mercury Mark 75 na 1957 mai silinda shida, wanda ba shi da giyar baya: sai a kashe shi a sake tayar da shi yana juyawa ta ɗaya ɓangaren, abin da ya sa matuƙa da yawa suka yi karo da gadar sauka. Amma shawarar tsofaffin hannu ga sabon shiga kusan iri ɗaya ce a kowace rumfa, kuma shawara ce mai kyau. Ya bar abin da ba a cika samu ba, ya nemi abin da ya fi yawa. Wato ƙaramin Johnson ko Evinrude na tsakiyar shekarun 1950 zuwa farkon 1960, daga ƙarfin doki 3 zuwa 18. An ƙera su da ɗimbin yawa, tsarin wutarsu iri ɗaya ne a samfura masu yawa na tsawon shekaru sama da ashirin, har yau ana ƙera sababbin kayan gyaransu, kuma sifana da sukudireba na gida sun ishe su, in ban da abin zare faifan sama. Mercury na wancan zamani yana da gudu, amma yana neman kayan aiki na musamman da ɗan koyo ba shi da su. Injin da babu irinsa kuwa, ƙaramin abu ɗaya ya karye a jikinsa, sai a shekara ana cigiya.

Akwai yadda ake duba inji kafin a biya, kuma matafiyin ya koye shi ne ta tsayawa a bayan masu saye. Da farko a ja igiya a hankali. Idan faifan ya juya, aka ji fistin yana turjewa sau biyu a kowane zagaye, da ɗan sautin numfashi, to akwai fata. Idan ya cije ƙam, mai yiwuwa tsatsa ta kama zoben fistin, kuma ko da yake gwanaye kan jiƙa irin wannan da mai mai ratsa tsatsa na makonni har ya saki, ba aikin fari ba ne. Mai ma'aunin matsi yakan cire fulogi ya gwada kowace silinda, kuma abin da ya fi nema shi ne biyun su zo kusa da juna. Daga nan a sunkuya ga ƙafar inji, a kwance ƙaramin sukurun ƙasa na akwatin giya. Idan mai ya fito baƙi ko ruwan zuma, lafiya. Idan ya fito fari kamar madara, ruwa na shiga. Idan ruwa zalla ya zubo, a duba jikin akwatin da kyau, domin ruwan da ya daskare a ciki lokacin sanyi yana tsaga alminiyam. Sai a dubi kawunan notuna: farar hoda a kewayensu alamar injin ya sha ruwan teku ne, kuma notin ƙarfe da gishiri ya liƙe a cikin alminiyam karyewa yake yi, ba ya kwancewa.

Da wannan ilimi na aro ya tsaya kan wani Johnson ƙirar 1955, ƙarfin doki biyar da rabi, koren fentinsa ya kwaile a gefen da ake jinginar da shi. Yana juyawa, matsinsa daidai, man giyarsa baƙi. Ba ya ba da wuta ko kaɗan, kuma wannan bai tayar wa kowa hankali ba. Mai shi ya haɗa masa da tankinsa, abin da ya fi muhimmanci fiye da yadda baƙo zai zata. Injinan OMC na waɗannan shekaru ba su da famfon mai. Tiyo biyu ne a manne ke tafiya zuwa tanki, ɗaya yana kai iska daga inji ta matsa fetur, ɗayan yana kawo fetur ɗin. Wanda ya sayi inji babu irin wannan tanki, sai ya nemo shi daban ko ya sauya tsarin ya sa famfo.

Dalilin rashin wutar ya bayyana a wata rumfa, inda wani dattijo ke tayar da irin wannan inji a gaban 'yan kallo. Ya ɗaura abin zare faifai da notuna uku, ya ɗaure na tsakiya, ya ɗan buga, faifan ya saki da ƙara. A ƙarƙashinsa kwayil biyu ne, kuma robar da ta lulluɓe su ta tsattsage. Haka kusan duk kwayil na asali na wancan zamani yake, shekaru ne ke busar da shi ko an yi aiki da injin ko ba a yi ba, wutar kuma sai ta bi tsagar ta zube a jikin ƙarfe kafin ta kai fulogi. Ya sa sababbi, ya canza kwandensa, ya goge bakin kwantak har ya yi ƙyalli, ya daidaita buɗewarsa zuwa rabin milimita. Da ya mayar da faifai ya ja igiya, tartsatsi shuɗi ya yi tsalle daga bakin waya har ana jin ƙararsa. Ya ja kunnen masu kallo kan abu biyu: kada a taɓa dukan kan sandar inji da guduma don a cire faifai, kada kuma a zura notunan abin zarewa da zurfi har su huda sabon kwayil ɗin da ke ƙasa.

Kafireta aikin haƙuri ce. Fetur ɗin da ya kwana shekaru a ciki yakan zama danƙo ya toshe ƙananan ramuka. Toton da ke daidaita shigar mai na ɓawon itace ne da aka shafe da wani irin gam, fetur ɗin Amurka na yau kuma yawanci yana da kashi goma cikin ɗari na sinadarin etanol, wanda ke narkar da gam ɗin, yana kuma cin tsofaffin tiyo. Ana kwance ta gaba ɗaya, a wanke, a hura iska ta kowane rami, a sa sabon toto na roba.

Abu na uku shi ne wanda ya fi kashe injina a hannun masu ɗoki. A cikin ƙafar inji akwai wata 'yar roba mai fukafukai da ke juyawa tana tura ruwan tafki sama ya sanyaya silinda. Bayan shekaru a ajiye takan bushe, fukafukan su karye. Wanda ya tayar da inji bai canza ta ba, ko ya tayar da shi a tudu babu ruwa ko na ɗan lokaci kaɗan, yana iya ƙone a minti biyu abin da ya tsira shekara sittin. Shi ya sa ko'ina a filin ake ganin duro cike da ruwa, inji a rataye a bakinsa, mai shi ya miƙa tafin hannu bayan ƙafar yana jiran feshin ruwa mai ɗumi ya taɓa shi. A kan irin injin da matafiyin ya saya, kafin a kai ga robar sai an ɗaga kan injin gaba ɗaya an saki sandar giya. Ana jin haka sai gaba ya faɗi, amma notuna ne 'yan kaɗan da gasket guda.

Batun gaurayen mai bai zama baƙo gare shi ba, domin duk wanda ya taɓa zuba baƙin mai cikin fetur ɗin ƙaramin janareta a gida ya san tsarin injin bugu biyu. Bambancin yana ga yawa. Injinan OMC na kafin 1964 suna son lita ɗaya ta mai cikin lita 24 ta fetur, ƙananan da yawa ma ɗaya cikin 16, saboda sandunansu suna juyawa ne a kan zoben tagulla mai santsi wanda man ne kawai ke raba shi da ƙarfe. Ɗaya cikin 50 da aka saba a injinan baya yunwa ce gare su. British Seagull, na garin Poole a Ingila, wanda ake ganin ɗaya-ɗaya a taron, tsofaffinsa ɗaya cikin 10 suke sha.

Hayaƙin nan yana da farashi, kuma masu gaskiya a cikin 'yan ƙungiyar ba sa musu. Tsohon injin bugu biyu yana zubar da wani kaso na mansa cikin ruwa bai ƙone ba. Tafkin Tahoe, a iyakar California da Nevada, ya hana irinsu tun 1999. Abin da mai tsohon inji zai iya yi shi ne ya daidaita kafireta da kyau, ya toshe duk wani yoyo, ya nemi man da ke narkewa a ruwa ba tare da daɗewa ba, ya kuma san dokar tafkin da zai shiga.

Muhawarar da ba ta ƙarewa a ƙarƙashin rumfunan ita ce ta fenti. Wasu suna kankare inji har ƙarfe, su fesa launin kamfani daidai da shekararsa, su manna sababbin sitika da aka buga irin na asali, injin ya fito kamar yau aka ciro shi daga kwali. Aikinsu abin kallo ne. Wasu kuma sun tsaya kan cewa fentin asali sau ɗaya ake samunsa, a wanke shi da sabulu, a shafa masa kakin goge mota, a bar masa tabonsa. Ga ɗan koyo, ɓangare na biyu ya fi gaskiya, ko don tsarin aiki kawai. Wanda ya fara da fenti zai kankare shi da sifana lokacin da ya zo neman wuta, kuma garejin Amurka cike suke da injina masu ƙyalli da ba su taɓa tashi ba. Injin da ya yi tari, ya kama, ya tura jirgi ya ƙetare tafki da kwailallen fentinsa, shi ne aka gyara.

Da yamma bakin ruwan yakan cika. Jiragen katako masu sheƙi da na alminiyam masu lanƙwasa suna fita bi da bi, wani injin yana ƙara kamar zai tsage, wani yana bugawa ɗaya-ɗaya a tsanake. Idan na wani ya mutu a tsakiyar ruwa, kafin ya gama jan igiya wani ya iso da igiyar ja. Mafi yawan matsalar ma ƙarama ce: farfela ta daki kututture, ɗan ƙusan tagulla mai laushi da ke riƙe ta ya karye, kamar yadda aka yi shi don ya karye ya ceci giya. Kowane matuƙi yana da 'yan guda a aljihu.

A wannan bakin ruwa ne tunanin Yawuri ya zo wa matafiyin da ƙarfi. A Tafkin Kainji da Tafkin Chadi babu mai rataye inji don ado. Yamaha ne ya mamaye ruwan, kamfanin Japan da ya fitar da injin jirginsa na farko a 1960, kuma samfurinsa na Enduro, wanda aka yi don masunta da masu fito, har yanzu bugu biyu ne mai kafireta da igiya, saboda irinsa ne ake iya gyarawa a bakin kogi. Inji a can yana aiki kullum, yana tura dogon jirgi cike da buhuna da mutane ranar kasuwa, idan ya mutu kuma a cire kayansa a raya wani. Bakaniken bakin ruwa na Yawuri da dattijon Tomahawk da za su haɗu, da hannu kaɗai za su fahimci juna: wuta, mai, matsi, ruwan sanyaya. Abin da ɗaya yake yi don nishaɗi, ɗayan da shi yake ciyar da gida, kuma rayukan fasinjoji suna rataye da ingancin aikinsa. Wannan gwaninta ta cancanci a rubuta ta, a kuma girmama masu ita, kamar yadda 'yan wannan ƙungiya suka tattara littattafan gyara da lambobin samfura har ɗan koyo yana iya sanin shekarar injinsa daga ɗan farantin da ke jikin maƙalarsa.

Ranar komawa wani daga cikin dattawan ya taya shi ɗora injin a bayan mota, ya nuna masa ya sa tsumma ya ɗaga kan ya fi ƙafar tudu, don kada ragowar ruwan da ke cikin ƙafa ya gangaro cikin silinda. Tankin kuma aka juye shi, aka ajiye shi daban a buɗe. A aljihunsa akwai takardar abin da zai saya: kwayil biyu, kwantak da kwandensa biyu-biyu, fulogi, kayan kafireta, robar famfon ruwa, gasket na ƙarƙashin kai, sabon tiyo mai baki biyu da man giya. Jimillarsu ta ɗan fi kuɗin da ya biya na injin. An ce masa ya fara da wuta, ya bi da kafireta, kada ya ja igiya da fetur a ciki sai robar famfo ta shiga kuma ƙafar tana cikin duro, ya kuma yi ƙoƙari ya kai shi tafki kafin ƙarshen Oktoba, lokacin da masu jirage a wannan yanki ke fara fitar da su daga ruwa.